Sulen Da Ya Goge: Tsakanin Suna Da Nauyi

Akwai wata tambaya da masana tsofaffin kuɗaɗe ke fama da ita, wadda kuma ta zarce fagensu ta shafi kowa. Idan aka miƙo maka tsabar azurfa wadda hannaye suka cinye fuskar sarkin da ke jikinta, rubutun gefenta kuma ya goge, da me za ka gane ta, kuma me ya rage na darajarta? Manufar wannan tsokaci ita ce bin sawun wannan tambaya tun daga lardunan Rum har zuwa kasuwannin Obi da Lafiya, domin a ga abin da za ta koya mana game da hukuncin da muke yanke wa mutane.

Daular Rum ba a babban birninta kaɗai take buga kuɗi ba. Biranen lardunanta na gabas, irin su Iskandariyya ta Masar, da Antakiya ta ƙasar Sham, da Kaisariyya da ke cikin Turkiyya ta yau, duk suna da nasu, masu rubutun Girkanci. Idan irin wannan tsaba ta zo hannun masani a goge, yakan fara ne da mizani, domin babbar tsabar Iskandariyya takan kai kimanin giram 13. Daga nan sai ya juya bayanta. Hoton dutse mai tsini yana nuna Kaisariyya, mikiya mai buɗaɗɗun fukafukai ta fi yawa a kuɗin Antakiya, wata alama kuwa mai kama da harafin L ita ce hanyar da Iskandariyya ke nuna shekarar sarautar sarki. A ƙarshe ne yake komawa ga inuwar fuskar, ya duba ko akwai gemu, ya dubi kaurin wuya. Inda shaida ta tsaya, nan yake tsayawa. Yana iya cewa ta Antakiya ce, ya yi shiru a kan sunan sarkin, ko da kuwa ambaton wani shahararren suna zai ninka farashinta. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.

Mai karatu zai iya zaton cewa tsabar da rubutunta ya fito raɗau ta huta da wannan wahala. Tarihin ƙasar Hausa ya nuna akasin haka. Liyari, wato azurfar nan mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, ya shigo ƙasarmu ta hanyar fataucin Sahara, kuma Barth ya tarar ana canza shi a Kano a kan wuri 2,500 a shekarar 1851. Kusan duk liyarin da za ka ɗauka yana ɗauke da shekarar 1780, wato shekarar da sarauniyar ta rasu, alhali an ci gaba da buga shi da wannan shekara a Biyana da Landan da Bombai har cikin ƙarni na ashirin. Rubutun a fili yake, amma ba ya gaya maka ranar haihuwar tsabar. Abin da fatake suka amince da shi shi ne giram 28 ɗin da ba ya canzawa, da kuma yawan azurfar da ke ciki. Haka ma tsabar Iskandariyya ta zamanin Sarki Niro, wanda ya yi mulki daga shekara ta 54 zuwa ta 68 miladiyya: fuskarsa na iya fitowa sarai, amma mafi yawan ƙarfen tagulla ce.

Kusa da gida kuma, kwabo da anini masu huda a tsakiya, waɗanda aka fara bugawa a 1907, sun yi yawo a hannun masu sayen gishirin Keana da Awe da masu cinikin doya a ƙasar Obi. Hudar ta hana a sa hoton sarki, sai sunansa kawai. Wasu daga cikin na shekarar 1936 suna ɗauke da sunan Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila kafin a yi bikin naɗa shi. Mai gishiri ba ta san shi ba, ba ta kuma bukaci saninsa ba, ta karɓa ne domin ta san gobe za a karɓa daga hannunta.

A nan ne ya kamata a yi wa suna adalci, domin ba abin banza ba ne. Shi ne ke sa baƙo ya yi ciniki da baƙo ba tare da kowa ya ɗauko mizani ba, kamar yadda binciken asali kafin aure ke rage wa iyaye fargaba. Sai dai darajar da ta rataya a kan suna kaɗai tana iya faɗuwa da sanarwa guda. Naira ta kori fam da sule a 1973, canjin kuɗi na 1984 kuma ya mayar da takardun da ba a kai banki cikin wa'adi ba tamkar ganye. Liyarin da ya goge kuwa, maƙerin fari zai auna shi ya biya.

Mu kan yi wa mutane abin da masanin kirki ba zai yi wa tsaba ba. Muna karanta rubutun gefe, wato sunan gida da lambar digiri da rawani, mu yanke hukunci kafin mu auna. Wanda kuma wahalar rayuwa ta goge masa waɗannan alamu, kamar tsohon malamin firamare da ya koyar shekara talatin a ƙauye, sai mu ɗauke shi ba kowa ba, mun manta cewa tsabar da ta fi gogewa ita ce wadda ta fi biya wa jama'a bukata. Wadda ta fito sumul, a cikin tukunya ta kwana.

Saboda haka tsarin masanin tsofaffin kuɗaɗe ya cancanci koyi a fagen ɗabi'a: a fara da nauyi, a bi da alamun aiki, a bar suna a ƙarshe, kuma kada harshe ya wuce inda shaida ta kai. Rubutun da aka buga a kan azurfa yana gogewa, amma hali, in ji Bahaushe, zanen dutse ne.