Gidan da Aka Haife Ka da Rabonka a Duniya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa bisa hikimarSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari, akwai wata tambaya da take cin zukatan da yawa daga cikinku, ko da ba ku cika faɗinta a fili ba. Wani saurayi ya tare ni bayan karatun Magariba, ya ce, "Malam, kullum kuna ce mana mu dage. To, ni da ɗan Alhajin unguwarmu tare muka gama sakandare, na kuwa fi shi sakamako. Yau ga shi a jami'a, ni ga ni ina tsaron shagon wani. Ina amfanin dagewar?"

Amsa biyu aka saba ba mai irin wannan tambaya. Wani ya ce masa, "Ƙaddara ce, yi haƙuri." Wani ya ce masa, "Kai ne dai ba ka yi ƙoƙari ba." Kowace amsa tana da ɗan gutsuren gaskiya a cikinta, amma kowacce tana rufe bakin yaron ne kawai, ta bar masu hali su yi barci da munshari. Musulunci yana da amsar da ta fi waɗannan cika, ita za mu bi daki-daki, in Allah Ya so.

Gaskiyar da ba ta musuntuwa

Da farko mu yarda cewa gida yana da tasiri mai girma. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, cewa kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyayensa ne suke karkatar da shi zuwa wani addini. To, in har iyaye suna da tasiri a kan addinin ɗa, wanda shi ne mafi girman al'amari, ina ga karatunsa da sana'arsa?

Abu huɗu gida yake ba ɗa. Na farko dukiya: abincin safe kafin tafiya makaranta, kuɗin jarrabawa, magani in ya yi ciwo. Na biyu tarbiyya: uban da yake duba allon ɗansa da littafinsa, uwar da take tashinsa sallar Asuba. Na uku mutane: wanda zai rubuta masa 'yar takarda, ko ya kai shi gaban maigidan da zai koya masa ciniki. Na huɗu, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne damar faɗuwa a tashi. Ɗan mai kuɗi in jarinsa ya karye, uba ya sake ba shi wani, ya zama ya sayi darasi ke nan. Ɗan talaka kuwa in jarinsa ya karye, sau da yawa ƙarshen maganar ke nan, ga bashi kuma a wuya.

Tarihin ƙasarmu shaida ne. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashe na musamman don 'ya'yan sarakuna. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, yawancin ɗalibanta daga gidajen sarauta da alƙalai da ma'aikatan En'e suka fito. Talakawa da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu boko don tsoron addininsu, wasu kuma ba a ma ba su dama ba. Da mulkin kai ya zo a 1960, ɗaliban wannan kwaleji su ne suka riƙe manyan muƙaman Arewa, kuma 'ya'yansu suka tashi a gidajen da aka san hanyar makaranta da ofis. A fagen kasuwa ma haka. Alhaji Aliko Ɗangote ya fara kasuwanci a 1977 da rancen da ya samu daga danginsa, mahaifiyarsa kuwa jikar Alhasan Ɗantata ce, attajirin goro da gyaɗa da ya rasu a 1955. Wannan bai rage komai daga ƙwazonsa ba, don jikokin attajirai nawa ne suka watsar da gado? Amma ya nuna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ko a fagen ilmi, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo gidan malamai ya tashi, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tashi a tsakiyar littattafai.

Marayu biyu da ɗan talaka ɗaya

Ku dubi manyan malamai uku. Imamu Bukhari an haife shi a shekara ta 194 bayan Hijira. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya bar masa dukiya ta halal, da ita ya yi guzurin tafiye-tafiyensa na neman hadisi. Imamu Shafi'i an haife shi a Gazza a shekara ta 150, shi ma maraya, amma ba a bar masa komai ba. Mahaifiyarsa ta ɗauke shi ta kai shi Makka cikin danginsa, ya riƙa rubuta karatu a kan ƙasusuwa saboda ba kuɗin takarda. Na ukunsu Abu Yusuf, ɗan talaka ne a Kufa, har talauci ya so ya raba shi da karatu. Malaminsa Abu Hanifa, wanda ɗan kasuwar tufafi ne mai wadata, ya lura da basirarsa, ya riƙa ba shi abin da zai riƙe kansa da gidansu. Wannan yaro shi ne ya zama Alƙalin Alƙalai a zamanin Halifa Haruna Rashid.

Ku lura da kyau. Dukansu uku sun yi ƙoƙarin da ya wuce misali. Amma babu ɗayansu da ya tashi shi kaɗai: wani gadon halal ya riƙe shi, wani uwa tsayayya, wani malami mai buɗaɗɗen hannu. Tambayar da ya kamata ta hana mu barci ita ce: Abu Yusuf nawa ne yau suke tura kurar ruwa a garuruwanmu, saboda ba su gamu da Abu Hanifa ba? Ni kaina na yi firamare da wani yaro da duk ajinmu ba mai kamo shi a lissafi. Mahaifinsa ya rasu muna aji biyar, wani baffansa ya riƙe gonakin ya ce sai yara sun girma. Har yau ba a raba gadon nan ba, yaron kuwa bai ƙara taka makaranta ba. Ni na wuce jami'a, kuma wallahi na san ba don na fi shi ƙwaƙwalwa ba ne.

Gare ka, ɗan mai hali

Kai da ka tashi ka tarar da tuwo a tukunya da mota a ƙofar gida, ka ji tsoron kalmar Ƙaruna. A cikin Suratul Ƙasas, aya ta 78, Allah Ya ba mu labarin yadda ya jingina dukiyarsa ga saninsa, ƙarshensa kuwa ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Duk lokacin da ka dubi abokinka talaka ka ce a ranka, "Lalaci ne ya kai shi nan," to ka taka sawun Ƙaruna. Ba kai ka zaɓi cikin da za ka fito ba. Abin da aka ba ka amana ce, kuma Tirmizi ya ruwaito cewa ranar Alƙiyama za a tambayi bawa dukiyarsa, ta ina ya same ta, a ina kuma ya kashe ta.

Kuma kada sunan gida ya ruɗe ka. Ɗan Annabi Nuhu a gidan annabta ya tashi, ruwan ɗufana bai ƙyale shi ba. Muslim ya ruwaito cewa wanda aikinsa ya bar shi a baya, nasabarsa ba za ta kai shi gaba ba. Ɗan malamin da ya ƙi karatu jahili ne, ko da rawanin ubansa ya kai kamu nawa.

Gare ka, ɗan talaka

Kai kuma, na yarda hanyarka ta fi tsawo da ƙaya, ba zan yaudare ka ba. Amma tsawon hanya ba ya halatta zama. Ka tuna Abdurrahman bin Auf lokacin da ya yi hijira zuwa Madina hannu rabbana. Ɗan'uwansa Ba'ansare, Sa'ad bin Rabi', ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Ya bar dukiyarsa a Makka, amma ya zo da abin da ba a iya ƙwacewa, wato sanin ciniki da riƙon amana. Irin wannan jari shi ne a buɗe gare ka. Ka koyi sana'a ɗaya ka ƙware, ko kanikanci, ko ɗinki, ko gyaran waya. Ka lizimci makarantar dare. Ka zama wanda in an bar masa shago ba a ƙirga kuɗi a bayansa, don amana ita ce takardar shaidar talaka.

Ka kiyayi abu uku da suke farautar matashi mai ƙuncin zuciya. Na farko hassada, wadda take cinye ladanka ba ta rage wa wancan ko kwabo ba. Na biyu bokaye da 'yan tsibbu masu alƙawarin buɗi, su karɓe ɗan abin hannunka su haɗa da tauhidinka. Na uku 'yan siyasar da za su ba ka ƙwaya da gora ranar zaɓe, alhali 'ya'yansu suna can makaranta.

Sannan ka tuna, gobe kai ne uba. Abin da ba ka gada ba kana iya gadar da shi. A cikin Suratul Kahf, aya ta 82, Allah Ya tsare taskar wasu marayu biyu a ƙarƙashin bango, Ya kuma ambaci cewa ubansu salihi ne. Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya nuna wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Saboda haka ka yi tunani tun wajen zaɓen matar da za ta zama uwar 'ya'yanka, kuma kada ka tara iyalin da ka san za ka sake su ga titi.

Abin da Shari'a ta ɗora mana

Allah Ya fifita wasu a kan wasu a arziki, kamar yadda ya zo a Suratuz Zukhruf, aya ta 32. Amma Ubangijin da Ya faɗi haka Shi ne Ya bayyana a Suratul Hashr, aya ta 7, cewa ba Ya son dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Don haka Ya shar'anta hanyoyin da za su hana talauci zama gado.

Ya shar'anta rabon gado, kowane ɗa da 'ya da mata da rabonsu sananne, Ya kuma yi wa masu cin dukiyar marayu alƙawarin wuta a Suratun Nisa'i, aya ta 10. Ya shar'anta zakka: ɗaya cikin arba'in na kuɗi da kayan ciniki in sun kai nisabi shekara ta kewayo, ɗaya cikin goma na amfanin gonar da ruwan sama ya shayar. Sunna ta koyar da waƙafi, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara. Ta kuma wajabta adalci tsakanin 'ya'ya, har Annabi ya ƙi zama shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'uman bin Bashir ya keɓe wa ɗa guda.

To, mu fa? Gida nawa ne aka danne rabon 'ya'ya mata a gona, aka ce ai aure za su yi? Attajiri nawa ne yake tara mabarata a ƙofarsa ya raba musu canji ya kira shi zakka, maimakon ya ba mutum ɗaya jarin da zai fitar da shi daga roƙo? Uba nawa ne ya fifita 'ya'yan amarya a kan na uwargida? Nawa ake kashewa wajen bukukuwa da bidi'o'in da Allah bai saukar da dalili a kansu ba, alhali maƙwabci ya rasa kuɗin jarrabawar ɗansa? Yaro nawa ne ɗan shekara shida aka tura wani gari da ƙoƙo, ba guzuri ba ziyara, aka ce neman ilmi ne? Duk wannan aikin hannunmu ne. Wanda ya lulluɓe shi da sunan ƙaddara ya ƙara zunubi a kan zunubi, don ƙaddara ba ta zama hujja ga azzalumi.

Kammalawa

Ya ku samari, ga amsar tambayar ɗan'uwanku. Gida yana ƙaddamar da wani, yana jinkirtar da wani, wannan gaskiya ne. Ƙoƙari wajibi ne a kan kowa, wannan ma gaskiya ne. Gyara tazarar da ke tsakani kuwa nauyi ne a kan al'umma, za a kuma tambaye mu. Ma'aunin Allah kuma daban yake da na kasuwa, don Ya bayyana a Suratul Hujurat, aya ta 13, cewa mafi daraja a wurinSa shi ne mafi taƙawa.

Kada wannan karatu ya ƙare a takarda. In akwai gadon da ba a raba ba a gidanku, ku sami manya da ladabi ku tuna musu. In kana da sana'a, ɗauki yaro ɗaya ka koya masa. Matasan kowane masallaci su duba maraya ɗaya a unguwarsu, su haɗa hannu su riƙe karatunsa har ya gama.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya sa wa iyayenmu albarka, Ya shirya mana zuriyarmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah Ya gafarta mana.