Gyambon Da Riga Ta Rufe

Ya mai karatu, ga wata tambaya da take damun iyaye da yawa a cikin ikilisiyoyinmu. Saurayin da ya faɗa shan giya ko ƙwaya, mai laifi ne da za a hore shi, ko kuwa majinyaci ne da za a yi jinyarsa? Kada ka ce wannan magana ta malamai ce. Amsar da ka bayar ita ce za ta nuna abin da za ka yi ran da aka kawo maka ɗanka yana tangaɗi: ko ka ɗauko bulala, ko ka nemi likita.

Za mu nemi amsa a wurin 'yan ƙwallon ƙafa, gama su ne mutanen da 'ya'yanmu suke so su zama. A Agadas da Arlit da ƙauyukanmu, yaro yakan buga tamaula ba takalmi, a bayan rigarsa kuwa ga sunan wani ɗan wasan Turai. A ganinsa, wanda ya kai can ya rabu da wahala. Bari mu duba ko haka ne.

Mutum Uku Da Duniya Ta Yi Wa Tafi

Na fari shi ne Rashidi Yekini. A Kaduna aka haife shi a 1963, a nan kuma ya fara wasa a ƙungiyar masaƙar UNTL. A 1993 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Ran 21 ga Yuni 1994, a birnin Dallas na Amurka, shi ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta fari a Gasar Kofin Duniya, ya shiga cikin raga ya riƙe ta yana kuka don murna. Ƙwallo 37 ya ci wa ƙasarsa. Amma a ƙarshen kwanakinsa yana zaune shi kaɗai a gidansa a Ibadan, jaridu suna ta cewa yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa. Ya rasu ran 4 ga Mayu 2012, yana da shekara 48. Ina masu tafin nan suka shiga?

Na biyu shi ne Paul Gascoigne na Ingila, wanda duniya ta ga gwanintarsa a Kofin Duniya na 1990. Yana ɗan shekara 10, ya fita da ƙanen abokinsa zuwa kanti, mota ta buge yaron ya mutu a gabansa. Shi da kansa ya ce ya daɗe yana ɗora wa kansa alhakin mutuwar nan. Da ya girma, giya ta kama shi, aka yi ta kai shi gidan jinya ana komo da shi, shekara da shekaru.

Na uku shi ne Dele Alli, wanda ubansa Bayarabe ne, aka haife shi a Ingila a 1996. Ya yi suna a ƙungiyar Tottenham, ya ci wa Ingila ƙwallo a Kofin Duniya na 2018. Daga baya wasansa ya yi ta ja da baya, mutane suka ce kuɗi ne suka sa shi lalaci. Sai a watan Yuli 2023 ya buɗe baki yana hawaye. Ya ce uwarsa mashayiya ce. Yana shekara 6 wani babba mai shiga gidansu ya yi lalata da shi. Yana shekara 7 ya fara shan taba, yana shekara 8 aka sa shi kai ƙwaya wurin masu saye. Sai da ya kai shekara 12 wani gida ya ɗauke shi ya riƙe. Ya ce maganin barci ya zame masa jaraba, har ya yi mako 6 a gidan jinya a Amurka. Shekara ashirin ke nan yana ɗauke da abin nan a ciki, ana ganin rigarsa mai kyau, ba a ganin gyambon da ta rufe.

Yadda Gyambon Yake Ci

Ka san gyambo. In aka rufe shi da wando ba a wanke ba, ba ya warkewa, sai dai ya ci gaba da cin nama. Haka yake da ran yaro. Yaron da aka razana shi ƙwarai, ko aka ci mutuncinsa, ko ya ga mutuwa da idonsa, jikinsa yakan zauna a shirye kullum kamar na mai jiran mugun abu. Barci yakan ƙi zuwa. In ya zo, sai mugun mafarki. Ƙaramin abu yakan sa shi fushi ko rawar jiki. Likitoci sun san wannan ciwo, suna kuma da hanyar jinyarsa.

Ran da irin wannan yaro ya ɗanɗana giya ko ƙwaya, sai ya ji abin nan da yake kuka a cikinsa ya yi shiru. Wannan shirun yake saye. Ka ɗauki tramol, wanda ya cika kasuwanninmu. Maganin ciwo ne, dangin ƙwayoyi masu sa maye. Likita ba ya ba babban mutum fiye da miligiram 400 a yini, amma akwai na bayan fage da ƙwaya guda take da 225. Jiki yakan saba, ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama biyar. In ya yi yawa yakan kā da mutum kamar mai farfaɗiya. In kuwa aka daina farat ɗaya, sai ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci. Tun 1 ga Janairu 2024 hukumar duniya mai hana shan ƙwaya a wasanni ta haramta shi ga 'yan wasa a lokacin gasa.

Hanyar Hamada

Kada ka ce wannan labarin nesa ne. Agadas ita ce ƙofar hamada. Shekaru da yawa motoci suna tashi daga nan, su bi Tenere su ratsa Dirku zuwa Libiya, cike da samari daga ƙasashen Afirka ta Yamma. A 2015 gwamnatin Nijar ta kafa dokar hana wannan jigila, a watan Nuwamba 2023 aka soke ta. A cikin matafiyan nan akwai masu takalmin ƙwallo a jaka, suna sa zuciya wata ƙungiya a Turai za ta ɗauke su. Fatim Jawara, mai tsaron gida ta ƙungiyar mata ta ƙasar Gambiya, ta tashi daga Libiya a kwalekwale a 2016, ta nutse a teku tana da shekara 19.

Waɗanda suka komo fa? Wani ya ga abokinsa ya mutu da ƙishi. Wani an tsare shi a Libiya ana dukansa, ana buga wa iyayensa waya su ji kukansa su aiko kuɗi. Ya komo gida hannu wofi, da kunyar gonar da aka sayar domin tafiyarsa. Ba ya magana, ba ya barci. Mutane suka ce ya lalace. Ya uba, in kana shirin sayar da akuya ko gona ka tura yaro ɗan shekara 15 wannan hanya domin wani ya yi maka alkawarin ƙungiya a Turai, ka tsaya tukuna. Ɗanka amana ce, ba hatsin da za ka kai kasuwa ba.

To, Laifin Wane Ne?

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin Mefiboshet ɗan Jonatan, a 2 Sama'ila sura 4 da sura 9. Yana shekara biyar labari ya zo cewa ubansa da kakansa sun mutu a yaƙi. Mai renonsa ta ɗauke shi da gudu, ya faɗi, ya gurgunce ƙafa biyu. Me yaron nan ya yi? Ba kome. A hannun wani ya faɗi. Duk da haka shi ya ɗauki gurguntar har tsufa, har ya kai ga kiran kansa mataccen kare. Sarki Dawuda bai tambaye shi dalilin da ya sa ba ya iya tafiya ba. Ya aika aka ɗauko shi daga Lodebar, ya ba shi wurin zama a teburinsa.

Saboda haka, raunin da aka yi wa yaro ba laifin yaron ba ne. Alhakin yana wuyan babban da ya yi shi, da wanda ya sani ya yi shiru. A Matiyu 18:6 Ubangiji Yesu ya nuna cewa gara a rataya wa mutum dutsen niƙa a jefa shi teku da ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe. Maganar nan da nauyi take.

Amma kada wani ya ce, ashe mashayi ba shi da laifi ke nan. Manzo Bulus ya faɗi abu biyu a sura guda, Galatiyawa 6. A aya ta 2 ya umarce mu mu taya juna ɗaukar kaya masu nauyi. A aya ta 5 ya ce akwai kayan da kowa zai ɗauka da kansa. Dukansu gaskiya ne. Mashayi bai zaɓi raunin ba, amma ƙaryar da ya yi, da kuɗin da ya sata, da matar da ya mara, nasa ne, tilas ya tuba ya kuma gyara. Ka dubi Tony Adams, tsohon kyaftin ɗin Arsenal. A 1990 aka ɗaure shi a kurkuku domin ya tuƙa mota a buge. Kurkuku bai raba shi da kwalba ba. Sai a 1996 ya tsaya gaban jama'a ya ce shi mashayi ne, ya nemi taimako. A 2000 ya kafa gidan jinya mai suna Sporting Chance domin 'yan wasa masu irin ciwonsa. Ya ɗauki nasa kayan, waɗansu kuma suka taya shi da wanda ya fi ƙarfinsa. Amsar tambayarmu ke nan: mai laifi ne, majinyaci ne kuma. Wanda ya riƙe rabi ɗaya ya saki ɗayan zai cuci ɗansa.

Wani zai ce, “Mu ma an doke mu, ga mu lafiya.” Mu gode wa Allah. Amma ƙafar da ta taka ƙaya ba ta warkewa domin ƙafar maƙwabci ta tsira. Wani kuma zai ce, “Baƙin ciki irin wannan rashin bangaskiya ne.” Ka karanta 1 Sarakuna 18 da 19. Annabi Iliya ya ga wuta ta sauko daga sama a Dutsen Karmel, ya tsere wa karusar sarki da ƙafa. Bayan wannan nasara ya shiga jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, ya saurari kukansa, sa'an nan ya ba shi Elisha ya zama abokin aiki.

Abin Da Za Ka Yi A Gidanka

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma saran da aka yi wa ɗanyen icce yana nan a jikinsa har ya tsufa. Ka hori ɗanka, amma kada ka doke shi cikin zafin zuciya, kada kuma ka zage shi da cewa ba zai zama kome ba. Afisawa 6:4 ya gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. In kai ne mai shan burkutu kana dukan uwarsu a gabansu, ka sani kai ne kake haƙa gyambon.

In yaro ya gaya maka wani babba ya taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba, ka saurare shi, ka raba shi da mutumin nan a ranar, ka kai ƙara ga hukuma, ko da kawunsa ne, ko malaminsa, ko mai riƙe da aiki a ikilisiya. Mun saba cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma cikin yaro ya yi ƙanƙanta ga irin wannan asiri.

In ɗanka ya riga ya faɗa shaye-shaye ko hankalinsa ya taɓu, kada ka sa masa mari. A Markus 5 mutanen ƙasar Garasinawa sun sha ɗaure mutumin nan na makabarta da sarƙa, sarƙa kuwa ba ta yi masa kome ba. Yesu ya tambayi sunansa, ya warkar da shi, ya mai da shi gida wurin danginsa. Ka yi addu'a, ka kuma kai shi likita. Masu bishara da suka buɗe asibitin Galmi a 1950 sun san addu'a da magani ba sa gāba da juna. Akwai sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa a babban asibitin Yamai, akwai kuma asibitocin wannan ciwo a Kware ta Sakkwato da Barnawa ta Kaduna. Ka fara da likitan da yake kusa da kai, shi zai nuna maka gaba. In ka ji ɗanka yana maganar kashe kansa, kada ka bar shi shi kaɗai, kada kuma ka jira gobe.

Gare Ka, Kai Mai Gyambo

Watakila kai da kake karanta wannan takarda, kai ne aka yar tun kana yaro. Abin da aka yi maka ba kai ka jawo shi ba, Allah kuwa ya gani. Yesu Almasihu ya san duka da tofin yawu da tsiraici a gaban jama'a. Ya mutu domin zunubanka, ya tashi da tabon ƙusa a hannunsa, bai kuwa ɓoye tabon ga almajiransa ba. Yana kiranka zuwa teburinsa yadda kake. Ka nemi mutum ɗaya mai riƙon amana, fasto ko dattijo ko uwar zumuntar mata, ka gaya masa abin da ba ka taɓa gaya wa kowa ba. In kana so, ka yi wannan addu'a:

Ya Ubangiji Yesu, ka san abin da aka yi mini, ka kuma san abin da na yi. Ka gafarta mini nawa laifin. Ka warkar da raunin da ya fi ƙarfina. Ka ba ni ƙarfin zuciya in buɗe baki in nemi taimako yau. Amin.