Sikelin Malam Inuwa

A wata unguwa ta cikin birnin Kano an yi wani mahauci ana ce masa Malam Inuwa. Shekara arba'in yana fawa, tun yana bin mahaifinsa kwata da asuba yana riƙe ƙafar sa, har ya kai ga teburinsa na kansa a bakin kasuwa. Mutum ne marar yawan magana. In mai saye ya yi ƙorafin an rage masa, ba ya musu, sai ya mayar da naman bisa sikeli, ya ja hannunsa baya, ya bar idon mai saye ya yanke hukunci.

Cikin 'ya'yansa akwai Sadisu, wanda Allah ya ba faɗin ƙirji tun yana ƙarami. Bai gaji wuƙa ba, walda ya koya, amma inda zuciyarsa take shi ne wani kango da samarin unguwa suka mayar wurin ɗaga ƙarfe. Da fari gwangwanayen siminti ne da sandar bututu, daga baya suka yi karo-karo suka sayi ƙarafa na gaske da benci. Kullum bayan la'asar Sadisu yana can. Nauyinsa kilo 85, kuma yakan kwanta a benci ya tura kilo 100 sau takwas ba tare da an taɓa masa ba. Yaran unguwa in sun hango shi sai su riƙa lanƙwasa 'yan damatsansu suna kwaikwayonsa.

Ɗan mahauci kuwa ba ya rasa nama. Kowane dare Malam Inuwa yakan dawo da ƙunshi, Sadisu ya kai wa mai tsire na bakin layi a gasa masa, a barbaɗa ƙuli da yaji, a kwarara man gyaɗa. Yakan tashi da kusan rabin kilo shi kaɗai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ya kora da lemon kwalba, ya kwanta. Da safe sai ya farka jiki kamar an ɗaura masa dutse, ƙwannafi yana cin maƙogwaronsa, bayan gida kuma sai ya kwana biyu bai je ba. Ya ɗauka haka masu ƙarfi suke kwana.

Wata rana wani abokinsa ya tura masa wani fim a waya, sunansa The Game Changers, wanda aka yi a Amurka ya fito a 2018. A ciki an nuna 'yan wasa da masu ɗaga nauyi da suka bar nama suna faɗin yadda kuzarinsu ya ƙaru. Har da Arnold Schwarzenegger, wanda ya ci kambun Mr. Olympia sau bakwai, wanda hotonsa yake manne a bangon kangon su Sadisu, ga shi da furfura yana cewa shi ma ya rage nama. Sadisu ya kalla sau uku. Daren nan da ƙunshi ya zo, sai ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, daga yau na bar jan nama."

Inna ta saki baki, ta ce a gidan mahauta? Malam Inuwa ya dubi ɗansa, ya dubi ƙunshin, ya ce to madalla. Ya kira ƙaramin yaro ya ce a kai wa almajiran zaure. Bai ƙara ko kalma ba.

Sati uku na farko Sadisu ya ga abin da aka yi masa alkawari. Ƙwannafi ya tafi, barci ya yi daɗi, yana tashi kafin kiran assalatu jiki sakayau. Sai ya zama mai wa'azi a kango. Duk wanda ya ga ya shigo da takardar tsire sai ya tsare shi da bayani. Garba, abokin atisayensa, ya ce shi dai a bar shi da balangunsa, ai zaki ba ya kiwo. Sadisu ya ce giwa fa, ciyawa take ci ko kilishi? Aka yi dariya, wasu samari biyu suka bi bayansa.

Cimarsa kuwa ga ta: da safe shayi da burodi, da rana shinkafa da mai da yaji, da dare taliya ko tuwo. Abin da yake ci ke nan tun da can, nama kawai aka zare.

A wata na biyu belinsa ya ƙara rami ɗaya. Ya ce kitse ne yake zuba. A wata na uku rigar da take matse masa damtse ta fara lilo, ƙarfen da yake turawa sau takwas ya koma sau biyar, ya koma sau uku. Ya hau ma'auni ya ga kilo 78. Bai gaya wa kowa ba. Ran wata Talata ya kwanta a benci, ya sauko da kilo 100 bisa ƙirjinsa, ya tura, ƙarfe ya ce ba inda za shi. Idanunsa suka firfito, ƙafafunsa suna shure-shure, sai da Garba da wani suka ruga suka ɗage masa. Ya zauna yana haki, samarin nan biyu da suka bi shi suna tsaye suna kallo. Garba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Abokina, wasa ya ƙare. Tashi mu je wurin mai tsire, ni zan biya."

Bai je ba. Gidan yayarsa Rabi ya wuce, wadda take aikin jinya, ya ce mata yana jin jininsa ne ya ƙare. Washegari ta kai shi aka ɗibi jini. Sakamako ya nuna 13 da 'yan kai, ta ce a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sai namiji ya yi ƙasa da 13 ake cewa yana da ƙarancin jini, saboda haka bai faɗa ba tukuna, amma yana bakin rami. Sa'an nan ta ɗauko takarda da biro ta ce ya lissafa mata duk abin da ya ci jiya. Da ya gama ta ajiye biro ta ce, "Ƙanina, ba ciwo gare ka ba. Yunwa ce."

Ta yi masa lissafi a hankali. Ta ce mai son gina tsoka yana bukatar furotin wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, wato shi da yake son komawa kilo 85 yana neman kusan giram 136. Gasasshen nama giram 100 yana ba da wajen giram 26, ke nan ƙunshin nan na dare shi ne yake ɗauke da kusan duk bukatarsa. Ya cire shi, ya bar burodi da taliya, waɗanda da ƙyar suke haɗa masa rabi. Jiki kuwa in ana sa shi aiki ba a ba shi abin gini, naman kansa yake ci. Ta ƙara da cewa sinadarin ayon mai gina jini wanda yake cikin nama ya fi saurin shiga jiki a kan na hatsi da ganye, kuma shayin da yake kurɓa tare da abinci yana ƙara tare masa hanya.

Sadisu ya ce ashe Garba ne da gaskiya. Yaya Rabi ta ce kada ya yi sauri. Sauƙin da ya ji a makonnin farko ba mafarki ba ne, domin cikin da aka daina cusa wa rabin kilo na nama mai maiƙo ana dab da kwanciya dole ya huta. Ta ce a 2015 hukumar binciken ciwon daji ta ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da suke jawo sankarar hanji, jan nama kuma cikin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa. Masana ciwon daji suna ba da shawarar kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako. "Kai kuwa," in ji ta, "na mako guda kake cinyewa a dare ɗaya."

Ya koma gida kansa ya fi ɗaurewa. In ya koma wa nama, ga maganar Yaya, ga kunyar waɗanda ya yi wa wa'azi. In ya dage, ga ƙarfe bisa ƙirji.

Labari ya riga shi isa gida. Bayan sallar isha Malam Inuwa ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya aika aka ɗauko masa tsohon sikelinsa mai faranti biyu, wanda ya gada. Ya kwance ƙunshi, ya ɗora tsoka rabin kilo a faranti ɗaya, farantin ya sauka ya daki ƙasa. Ya ce da Sadisu wannan shi ne abin da ya cire daga cikinsa, to ya shiga ɗaki ya ɗauko abin da ya sa a madadinsa, ya ɗora a ɗaya farantin.

Sadisu ya miƙe zai ɗauko burodi. Tsoho ya ce da can ba ya cin burodi? Ya ce yana ci. Taliya fa? Yana ci. Shinkafa? Ita ma. Malam Inuwa ya ce to ba waɗannan yake tambaya ba, abin da ya ƙaro yake son gani. Sadisu ya tsaya tsakar gida hannu sake. Farantin nan na biyu yana reto a sama, ba kome a cikinsa sai hasken fitila.

Can tsoho ya ce shi shekara arba'in yana kwana yana tashi cikin nama, amma tsoka biyu a miya ita ce cimarsa. Ya ce dambe na mahauta ne tun kaka da kakanni, kuma 'yan damben da ya taso ya gani a gidansu fura da nono suke sha su ƙoshi, su ci tuwon gero da wake, nama kuwa abin da ya samu. Daga nan ya ajiye wuƙa gefen sikeli, ya ce ga nama ga wuƙa, ba wanda zai ji a bakinsa. Ya shige ɗaki.

Sadisu ya daɗe zaune. Mai tsire na bakin layi bai tashi ba, iska tana kawo ƙamshin har tsakar gida, cikinsa yana kuka. Ya ɗauki wuƙar, ya juya ta, ya taɓa naman da tsininta. Ya tuna fuskar samarin nan biyu, waɗanda har yanzu suke kan shayi da burodi saboda maganarsa. Sai ya ajiye wuƙa, ya je ƙofar ɗakin Inna ya yi sallama a hankali, ya ce ko akwai wake a gidan. Ta ce akwai. Ƙwai fa? Akwai shida. Ya kwaso, ya haɗa da sauran kindirmon da ya kwana a ƙwarya da ƙullin ƙuli-ƙuli, ya yi ta jerawa a farantin har ya fara sauka. Da asuba Malam Inuwa ya fito alwala ya tarar da sikeli a haka. Ya duba, ya ɗauke namansa, ya tafi kasuwa.

Daga ranar aiki ya koma na lissafi, kuma ya fi sayen tsire wahala da kuɗi. Yaya Rabi ta rubuta masa: ƙwai ɗaya giram 6, litar madara sama da 30, kifi giram 100 wajen 20. Ya riƙa cin ƙwai huɗu da safe, shinkafa da wake ko ɗanwake da rana, awara da la'asar, kifi ko kaza da dare tun kafin isha, fura da nono bayan atisaye. Ya matsar da shayi nesa da lokacin abinci, ya riƙa haɗawa da lemon zaƙi ko gwaiba don ayon na wake da zogale ya fi shiga. Ta ce muddin yana cin ƙwai da nono da kifi, bitamin B12 ba zai yanke masa ba, wanda ya bar duk abin da ya fito daga dabba ne sai ya nemi ƙwayarsa. Ta kuma ba shi labarin Bill Pearl, Ba'amurken da ya ci gasar Mr. Universe a 1971 bayan ya bar nama, yana rayuwa a kan ƙwai da madara da kayan gona.

Ranar da ya koma kango, kafin ya taɓa ƙarfe sai da ya kira samarin nan biyu gefe, ya ce rabin magana ya gaya musu, ga sauran rabin. Ya kwafa musu takardar Yaya. Ya rage nauyin ƙarfe zuwa kilo 70 ya fara daga nan, Garba yana tsaye a kansa.

Sai da aka yi wata biyar kafin kilo 100 ya sake tashi sau takwas. Ƙwannafi bai dawo ba. Da Babbar Sallah ta zo, Malam Inuwa ya yanka ragonsa, ya gasa hanta, ya miƙa wa Sadisu ba tare da ya dube shi ba, Sadisu ya sa hannu biyu ya karɓa ya ci. Tun daga nan, ran Juma'a da ran Litinin yakan biya ta teburin mahaifinsa, a yanka masa tsoka kamar tafin hannunsa, a ɗora bisa sikeli, ya kai wa Inna ta sa a miya. Nauyinsa yanzu kilo 84.