Tsibirin Yutofiya: Ko Kyakkyawan Tsari Yana Iya Gyara Halin Mutum?

A ƙarshen shekara ta 1516 aka buga wani ɗan littafi cikin harshen Latin a garin Louvain, wanda yau yake cikin ƙasar Beljiyam. Marubucinsa wani lauya ne mutumin Landan, Thomas More, wanda aka haifa a 1478. Littafin yana ba da labarin wata ƙasa da babu ita a doron duniya, da yadda mutanenta suke aiki, suke cin abinci, suke aure, suke yin sujada. Sunan da ya ba ta, Yutofiya, daga Helenanci ya haɗo shi, ma'anarsa kuwa wurin da babu shi. Fiye da shekara 500 sun wuce, amma tambayar da littafin ya tayar tana nan da ranta: idan aka tsara ƙasa yadda ba wanda zai ji yunwa, ba kuma wanda zai sami zarafin aikata mugunta, mutanenta sun zama nagari ke nan?

More ya sa labarin a bakin wani matafiyi da ya ƙirƙira, Rafayel Hythloday, mutumin Fotugal, wanda wai ya bi Amerigo Vespucci cikin tafiye-tafiyensa na teku, ya zauna a tsibirin shekara biyar. Kafin ya fara kwatanta tsibirin, sai da Rafayel ya caccaki Ingila ta wancan zamani. Masu gonaki suna korar manoma domin su killace filaye su yi kiwon tumaki, gama ulu ya yi tsada. Waɗanda aka kora suna yawon bara, yunwa tana tura su sata, hukuma kuma tana rataye su. Hujjarsa ita ce, ƙasar da ta raba mutum da abincinsa, sa'an nan ta kashe shi domin ya ɗauki na wani, ita ce ta yi ɓarawon da hannunta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Saboda haka tsibirin da ya kwatanta amsa ce ga wani ciwo na gaske.

Zaman yau da kullum a tsibirin

Yutofiya tana da siffar jinjirin wata. Dā a haɗe take da babbar ƙasa, sai Sarki Utopus da ya ci ta da yaƙi ya sa aka haƙa mashigin ruwa mai faɗin mil 15 ya raba su. Birane 54 ne a cikinta, harshensu ɗaya, dokokinsu ɗaya, fasalinsu ɗaya, har wanda ya san ɗaya ya san dukansu. Kowane birni yana da gidaje 6,000, kowane gida kuma yana da manya daga 10 zuwa 16. Idan gida ya yi yawa, sai a kwashi wasu a kai inda aka gaza. Ƙofofi ba su da makulli, kowa yana iya shiga ko'ina. Bayan kowace shekara goma ana jefa ƙuri'a a sāke rabon gidaje, domin kada wani ya saba da cewa wannan nawa ne.

Kowa manomi ne, mace da namiji. Ana tura mutanen birni ƙauye su yi shekara biyu a gona bi da bi. Ban da noma, kowa yana da sana'a guda, ko saƙa, ko gini, ko ƙira, ko sassaƙa. Awa shida kaɗai ake aiki a yini, uku kafin tsakar rana, uku bayan an ci abinci an huta awa biyu. Ana kwanciya da ƙarfe takwas, a yi barcin awa takwas. Da asuba akwai lacca ga duk mai son ilimi. Rafayel ya ce awa shida ta wadatar domin babu malalaci, babu kuma mai ɓata ƙarfinsa kan kayan alatu. Tufafin kowa iri ɗaya ne, sai dai abin da zai bambanta mace da namiji, da mai aure da marar aure.

Babu kuɗi a ƙasar. Maigida yakan je rumbun unguwa ya ɗauki abin da iyalinsa ke bukata ba tare da ya biya kome ba. Gidaje talatin-talatin suna cin abinci tare a babban zaure ɗaya, ana busa ƙaho domin kiransu. Ana fara cin da ɗan karatu a kan ladabi, ana kuma zaunar da dattawa a tsakanin matasa domin kwarjininsu ya tsare bakin yara. Asibitoci huɗu suna bayan ganuwar kowane birni, marasa lafiya ne kuma ake fara zaɓar wa abinci mafi kyau.

Zinariya kuwa, da gangan suka ƙasƙantar da ita. Da ita ake ƙera tukwanen bawali da sarƙoƙin bayi, duwatsu masu daraja kuma kayan wasan yara ne. Akwai labarin wasu jakadu da suka shigo babban birnin da ado na zinariya domin su burge jama'a, sai mutanen gari suka ɗauka bayi ne, suka bar su suka gaishe da barorinsu.

Abin da tsibirin ya gane

Ba daidai ba ne a yi watsi da wannan duka a ce mafarki ne. More ya gane abin da masu wa'azi da yawa sukan manta, wato tsarin zaman jama'a yana iya sauƙaƙa wa mutum nagarta, yana kuma iya tsananta masa ita. Uban da ya san 'ya'yansa za su ci gobe ba ya kwana yana saƙa yadda zai cuci maƙwabcinsa. Wanda ba a auna darajarsa da rigarsa ba zai ci bashi domin ya yi ado ba. Dokar Musa ma ta san haka. A Littafin Firistoci sura 19 an hana manomi girbe gonarsa har gefe, domin matalauci da baƙo su sami kala, a sura 25 kuma an sa shekarar da gona za ta koma ga masu ita na asali. Waɗannan dokoki ba su jira zuciyar attajiri ta yi laushi ba tukuna.

An ma gwada shirin More a ƙasa ta gaske. Vasco de Quiroga, alƙali mutumin Sifen wanda daga baya ya zama bishop na farko na Michoacán a Meziko, ya kafa garuruwa biyu masu suna Santa Fe, a 1532 da 1533, domin 'yan ƙasar da mamaya ta ɗaiɗaita. Ya ɗauko aikin awa shida da gonar tarayya da koyon sana'a daga littafin. Mutanen yankin suna tunawa da shi da sunan Tata Vasco, wato Baba Vasco.

Kuɗin da aka biya

Duk da haka, mai karatu da ya natsu zai ga abin da aka biya kafin a sami wannan zaman lafiya. A Yutofiya babu mashaya, babu gidan karuwai, babu kuma wani lungu da mutum zai keɓe. Rafayel da kansa ya ce kowa yana ƙarƙashin idon kowa, saboda haka dole ya yi aiki ko ya yi hutu mai tsabta. Wanda yake so ya ziyarci wani birni sai ya karɓi takardar izini mai ɗauke da ranar dawowa. Idan aka kama shi ba takarda a hukunta shi, idan ya sāke a mai da shi bawa. Tattauna al'amuran mulki a waje da majalisa laifin kisa ne. Bayi ne suke yanka dabbobi a bayan gari, domin kada zuciyar 'yan ƙasa ta taurare da ganin jini. Ba wanda ya damu da zuciyar bawan da yake riƙe da wuƙar. Idan kuma jama'a ta yi yawa, sukan haye babbar ƙasa su kafa mazauni a filin da suka ce masu shi ba sa nomawa, in masu filin suka ƙi, a yaƙe su.

A nan tambayar take da nauyi. Mutumin da bai yi sata ba domin babu abin sata, kuma idanu dubu suna kansa, ana iya cewa marar laifi ne, amma ba a san amincinsa ba tukuna. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Haka kuma karimci ba ya yiwuwa ga wanda ba shi da abin kansa da zai bayar. Tsibirin ya kawar da rowa, amma ya kawar da kyauta tare da ita, gama duka biyun suna bukatar hannun da yake da ikon buɗewa ko rufewa.

Rafayel ya ce mutanen tsibirin sun karɓi bangaskiyar Kirista da sauƙi domin sun ji almajiran farko suna tarayya da dukiyarsu. Gaskiya ne Ayyukan Manzanni sura 4 ta nuna babu mabukaci a cikin masu bi na Urushalima. Amma sura 5 ta bayyana bambancin. Sa'ad da Hananiya ya ɓoye wani sashi na kuɗin gonarsa, Bitrus ya tuna masa cewa gonar tasa ce kafin ya sayar, kuɗin ma suna cikin ikonsa bayan ya sayar. Laifinsa ƙarya ne. Tarayyar Urushalima ta fito daga yardar rai, ta Yutofiya kuwa daga doka da tsoron sarƙa.

Tarihi ya nuna inda tilas take kaiwa idan aka ba ta cikakken iko. A Kambodiya, daga Afrilu 1975 zuwa Janairu 1979, gwamnatin Khmer Rouge ta kwashe mutane daga birane zuwa gonaki, ta soke kuɗi da kasuwa, ta sa jama'a tufafi iri ɗaya, ta tilasta musu cin abinci a tukunyar tarayya. Mutanen da suka mutu sun haura miliyan ɗaya da rabi. Ba a ɗora wa More alhakin wannan. Abin lura shi ne, idan aka ba wasu mutane ikon sa ido a kan kowa domin su gyara kowa, su ma masu ikon 'yan adam ne, babu kuma mai sa ido a kansu.

Wata hujja da ba a raina ta

Wani zai ce wannan maganar ƙoshi ce. Gwauruwar da 'ya'yanta suka kwana da yunwa ba ta damu ko attajiri ya ba da hatsi da yardar rai ko da tilas ba, muddin hatsin ya iso. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma sau da yawa cewa sai zuciya ta sāke ya zama mafakar waɗanda ba sa so a taɓa rumbunsu. Ikilisiyar Urushalima ma ba ta dogara ga kyakkyawar niyya kaɗai ba. A sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana ƙyale wasu gwauraye wajen rabon abinci, sai aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. Ƙauna ta bukaci tsari domin ta kai ga kowa.

Amsar da ta fi dacewa ita ce a san aikin kowannensu. Aikin doka shi ne ta tsare mai rauni daga mai ƙarfi, ta tabbatar yunwa ba ta tura kowa ga laifi ba, ta hukunta mai zalunci. A wannan fage al'umma ba ta da uzurin jira. Amma doka ba ta iya haifar da aminci ko tausayi ko tawali'u, kuma duk lokacin da ta yi ƙoƙarin yin haka da ƙarfi, abin da take samu shi ne mutanen da suka ƙware wajen ɓoye abin da ke ransu. Littafin da kansa ya yarda da wannan a ƙarshensa, inda Rafayel ya ce girmankai ne ya hana duniya bin tafarkin tsibirin, gama mai girmankai ba ya jin daɗin abin da yake da shi sai ya ga wani ya rasa. Ciwon da yake zaune a zuciya kuwa ba a fitar da shi da sāke rabon gidaje.

Rayuwar marubucin ma darasi ce. A tsibirinsa, Utopus ya hana a tsananta wa kowa saboda addininsa, ya ce a jawo mutane da hujja da tawali'u. Amma sa'ad da More ya zama babban wazirin Sarki Henry na Takwas, daga 1529 zuwa 1532, ya farauci masu bin koyarwar gyaran ikilisiya, aka kuma ƙone mutum shida a zamaninsa. Daga baya takobin ya juyo kansa. Ya ƙi yarda cewa sarki ne shugaban ikilisiya a Ingila, aka tsare shi a Hasumiyar Landan kimanin wata 15, aka fille kansa ran 6 ga Yuli, 1535. Mutumin da ya iya tsara haƙuri a takarda ya kasa yinsa sa'ad da iko yake hannunsa. Abin da ake girmama shi dominsa kuwa, wato tsayawa kan lamirinsa sa'ad da kalma ɗaya za ta cece shi, abu ne da ba wata doka da ta tilasta masa, akasin haka ma doka ce ta hana shi.

A shafin ƙarshe, More ya ce akwai al'adun tsibirin da yake gani wauta ne, akwai kuma da yawa da yake fatan gani a ƙasarsa ko da yake ba ya sa rai. Haka ya kamata mai karatu ya ɗauki littafin. Kulawa da marasa lafiya, da aikin da ba ya kashe mai yinsa, da rumbun da ba ya barin kowa da yunwa, abubuwa ne da kowace al'umma ya wajaba ta nema ta hanyar doka da tsari. Amma ko an same su duka, kowane mutum zai ci gaba da fuskantar lokacin da ƙofa take a buɗe, ba kuma mai ganinsa. Abin da ya yi a wannan lokaci shi ne halinsa.