Ƙasar Da Haraji Ya Yi Sauƙi

Ɗan'uwa mai karatu, da a ce an nuna maka ƙasar da za ka koma ka riƙe kusan dukan ribarka ba tare da ka karya doka ba, za ka tafi? Kada ka yi saurin amsawa.

Akwai irin wannan wuri. A shekarar 2012 tsibirin Porto Riko, wanda yake ƙarƙashin Amurka, ya kafa dokoki biyu domin jawo masu jari, aka kuma haɗe su cikin Doka ta 60 a 2019. Kamfanin da yake sayar da hidima zuwa waje yana biyan kashi 4 cikin ɗari kawai. Mai jarin da ya ƙaura can, ya zauna aƙalla kwana 183 a shekara, ba ya biyan komai a kan ribar da hannun jarinsa ya haifar bayan zuwansa. Wanda ya daɗe yana zaune a tsibirin kuwa bai cancanci wannan rangwame na mai jari ba, ga harajin saye na kashi 11.5 yana jiransa a kanti. Gwamnatin tsibirin ta durƙushe a 2017 da bashin da ya haura dala biliyan 70, a shekarar kuma guguwar Mariya ta ragargaza shi.

Ƙaura ba zunubi ba ce. Ibrahim ya ƙaura, Yusufu ma ya gudu da Yesu zuwa Masar. Neman sauƙin da doka ta yarda da shi ba sata ba ne. Amma dokar ƙasa tana faɗa maka abin da ba za a kama ka a kansa ba ne kaɗai. Ba ta auna zuciya.

Ka tuna da Lutu a Farawa sura 13. Ya ɗaga ido ya ga kwarin Urdun shar da ruwa, ya lissafta amfanin garkensa, bai tambayi halin mutanen Saduma ba. Lissafinsa daidai ne, zaɓinsa ne ya ɓace. Ka kwatanta shi da wasiƙar Irmiya a sura 29, inda aka umarci waɗanda aka kai bauta Babila su nemi lafiyar birnin da suke zaune, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. In an ɗora wa bawa wannan nauyi, ina ga attajirin da ya zo da ƙafarsa?

Haraji, komai ɗacinsa, shi ne kason maƙwabci a cikin ribarka: hanyar da kayanka suke bi, malamin da ya koyar da ma'aikacinka, asibitin da matalauci zai kwanta. Shi ya sa Manzo Bulus a Romawa 13 ya lissafta shi cikin basusukan da mai bi zai biya. Wanda ya zauna a inuwar itace, ya bar wa talaka ban ruwa, baƙo ne mai cin tuwo, bai zama maƙwabci ba.

Wataƙila ba ka da miliyoyi, amma tambayar taka ce duk ranar da ka zaɓi inda za ka kafa shago ko rumfa. Abin da ka tsira da shi, daga aljihun wa zai fito? Za ka mayar wa garin wani abu da hannunka, ko kuwa kwana za ka riƙa ƙirgawa?

Ya Ubangiji, duk inda ka zaunar da mu, ka sa mutanen wurin su yi murna da zuwanmu. Amin.