Wa ke da gari, mai hatimi ko mai kiran sunansa?

Ƴan uwa ɗalibai, tambayar da nake son mu juya tare ita ce wagga: in gwamnati ta ɗauki alƙalami ta shafe sunan wani yanki daga taswira, yankin ya mutu ke nan? In kuwa bai mutu ba, a ina yake zaune har ranar da za a maido shi? Na zaɓi in yi maganar da labarin wata ƴar gunduma ta ƙasar Ingila mai suna Rutland, don a can an yi wannan gwaji a fili, kowa yana kallo.

Rutland ita ce auta cikin tsofaffin gundumomin Ingila. Faɗinta murabba'in kilomita 382, mutanenta kuma wajen 41,000 a ƙidayar 2021. Garuruwanta biyu ne rak, Oakham da Uppingham, saura duk ƙauyuka da gonaki da makiyayar tumaki. Kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, yankin gara ne da sarakuna ke ba matansu, har yau akwai ƙauyen Edith Weston mai ɗauke da sunan sarauniya Edith. A ƙarni na 12 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Takenta na Latin ma'anarsa abu mai yawa cikin ƙaramin mazubi. Mu da sai mu ce ƙaramin goro ya fi babban dutse.

To, ƙanƙantar nan ita ta riƙa jawo mata rigima. Masu tsara mulki a Landan suka ce wurin da bai kai ya kawo ba, ina shi ina riƙe makarantu da hanyoyi shi kaɗai? A farkon shekarun 1960 aka so a haɗe ta da maƙwabta, mutane suka tashi tsaye, gwamnati ta janye a 1963. Amma dokar 1972 ta zo ta gama magana: ranar 1 ga Afrilu 1974 Rutland ta koma ƙaramar hukuma a ƙarƙashin Leicestershire. Shekara 23 tana haka, sai ranar 1 ga Afrilu 1997 aka maido mata da matsayinta.

Mi ya faru cikin shekarun nan 23? Mutane ba su daina cewa su ƴan Rutland ne ba. Da yawa suka ci gaba da rubuta sunan a bayan wasiƙunsu, suna koya wa yara, suna matsa wa wakilansu lamba. Ni a ganina amsar rabin tambayarmu tana nan. Gari iri biyu ne a haɗe: akwai na biro, mai hatimi da haraji da kasafin kuɗi, akwai kuma na baki, wanda uwa ke faɗa wa ɗanta in ya ce mu ƴan ina ne. Gwamnati na iya rushe na farko da sa hannu guda. Na biyun ba ta da inda za ta kama shi, don ba ita ta gina shi ba. Ai ko mu nan, takarda ta ce Zinder, baki ya ce Damagaram, kuma babu wanda ya ɓata hanya.

Sai dai kar mu yi saurin tafi. Mutumin biro ma yana da tasa hujja, kuma ba wauta ba ce. Suna ba ya kashe gobara, ba ya kama ɓarawo. Har yau ƴan sanda da ƴan kwana-kwanan da ke aiki a Rutland na haɗin gwiwa ne da Leicestershire, kuma mai babban ciwo sai an fita da shi zuwa manyan asibitocin maƙwabta. Wato ƴancin da suka karɓo yana jingine da kafaɗar wasu. Wannan ba abin kunya ba ne, amma duk mai alfahari da garinsu ya kamata ya san wa ke tallafe da shi. A ƙarshen 2024 ma gwamnatin Birtaniya ta sake fito da shirin haɗe ƙananan hukumomi su zama manya, tsohuwar fargaba ta dawo sabuwa.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Daidai lokacin da ake kukan suna, a shekarun 1970, aka datse kwarin kogin Gwash aka yi babban baraji don shayar da biranen da ke wajen gundumar. Mazauna kwarin sun ƙi, amma majalisar dokoki ta amince a 1970. Ruwa ya cinye gonaki, ya cinye ƙauyen Nether Hambleton da mafi yawan Middle Hambleton. Da farko an so a kira tafkin da sunan ƙauyen Empingham, jama'a suka dage sai an sa masa sunan Rutland, aka kuwa sa. Ku duba fa: an ceci sunan, amma an rubuta shi a kan ruwan da ya rufe gidajen mutane.

A bakin tafkin akwai majami'ar Normanton. Da ruwa zai taso, aka yi gangami aka cike ƙasanta da duwatsu da siminti, aka yi mata ƴar hanya, yanzu tana tsaye kamar tana iyo, ita ce hoton da kowa ke ɗauka. Amma ƙauyen da aka gina ta dominsa tun ƙarni na 18 masu ƙasar suka tashe shi don su faɗaɗa lambun gidansu. Ginin ya tsira, mutanen ba su tsira ba. A nan nake cewa son gari yana da wata cuta: yakan fi saurin zubar da hawaye don dutse da tuta fiye da don manomin da aka ce ya kwashe kayansa. In kishin garinmu ya tsaya ga suna, bai kai ga maƙwabcin da ya rasa gona ba, to sunan muke so, ba garin ba.

Wata al'adarsu kuma ta ba ni sauran amsar. A Oakham akwai wani babban zaure da aka gina wajen 1180 zuwa 1190, na gidan de Ferrers, waɗanda alamarsu takalmin doki ce, wato ƙarfen da ake bugawa a kofato. Al'ada ta ce duk basarake ko ɗan gidan sarauta da ya taka garin karon farko sai ya bar takalmin doki guda. Yau sama da 200 ne rataye a bangon. Mafi tsufa na Sarki Edward na huɗu ne, daga wajen 1470. Sarauniya Elizabeth ta biyu ta ba da nata a 1967, ɗanta Charles ya ba da nasa a 2003 tun yana yarima. Takalmin dokin nan shi ne a tutar gundumar.

Abu biyu na gani a bangon nan. Na ɗaya, ƙaramin gari ya ce wa sarki: ko kai ne, in ka shigo sai ka bi ladabinmu. Mutunci ba a auna shi da faɗin ƙasa. Na biyu, kuma shi ya fi nauyi, abin da Rutland ke nunawa ta ce ga mu nan, duk baƙi ne suka kawo shi. Mukan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Gaskiya ne, amma kaba ma raɓa take sha a daren da babu ruwan sama.

Har tsuntsayensu sun shaida haka. Daga 1996 aka riƙa kawo ƴan tsakin wata gaggafa mai kamun kifi daga Sukotlan ana saki a bakin tafkin. A 2001 suka fara ƙyanƙyasa a wurin. Kowace shekara in sanyi ya kama sai su taso Afirka ta Yamma, wajajen Senegal da Gambiya, in ya wuce su koma. An haife kakanninsu a wata ƙasa, rabin shekara suna wajenmu, amma ƴan Rutland suna ce musu namu. Wa zai ce sun yi ƙarya?

Saboda haka ga inda na tsaya. Gari ba na mai hatimi ba ne, don an karɓe hatimin Rutland shekara 23 ba ta mutu ba. Ba kuma na mai kiran suna kaɗai ba ne, don kira ba ya da tsada, kowa na iya yi. Gari na wanda ya ɗauki nauyinsa ne: wanda ya riƙe tarihinsa har da wuraren da ba su da daɗin faɗi, ya tsaya wa raunanan cikinsa in an zo tashinsu, ya kuma bar wa mai zuwa gurbi a bango ya rataye nasa. Wanda kakansa na bakwai ke kwance a maƙabartar gari amma bai yi ko ɗaya cikin ukun nan ba, gado kawai yake ci.

Mu matasa muna yawan tambayar juna kai ɗan ina ne, wani lokaci don zumunci, wani lokaci don a ware mutum. Ina roƙonmu, duk ranar da tambayar ta zo bakinmu, mu haɗa ta da ƙanwarta, mu fara yi wa kanmu: mi na yi wa garin da nake tinƙaho da shi? Allah ya sa mu zama masu amfani ga inda muka fito da inda muka sauka.