KYAUTAR SUKUWA: TA MAI DOKI CE SHI KAƊAI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, duk wanda ya taɓa zuwa filin sukuwa na Kano, ko ya kalli bidiyon gasa a waya, ya san yadda ake ƙarewa. Doki ya zo na ɗaya, mai lasifika ya kira sunan Alhaji wane, a miƙa masa kofi da kuɗi ko makullin babur, maroƙa su ɗauka. Yaron da ya hau dokin yana can gefe yana haki. Wanda yake tashi da asuba ya ba shi abinci kuwa, ko sunansa ba a sani ba. To kyautar nan ta wa ce?

Kafin a raba, sai an san daga ina ta fito. Sukuwa a kanta ba laifi ba ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an yi tseren dawaki a Madina, waɗanda aka horar suka taso daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba aka rage musu nisa. A wani hadisin na Abu Huraira an yarda a sa kyauta a tseren dawaki da raƙuma da harbi. Matsalar tana wajen wanda ya ajiye kuɗin. Idan sarki ne ko gwamna ko wani attajiri da ba shi da doki a cikin gasar, malamai ba su ga laifi ba. Idan kuwa masu dawakin ne kowa ya zuba nasa, wanda ya ci ya kwashe, an shiga caca. Mai Risala ya kawo ra'ayin Imamu Malik: mutum ɗaya zai iya fitar da kyauta ya kuma shiga tseren, amma in dokinsa ya ci, ba za ta koma aljihunsa ba, ta wanda ke bi masa ce, in su biyu ne kacal kuma sai waɗanda suka halarta su ci. Ku duba yadda aka toshe ƙofar kwaɗayi.

Saboda haka wannan "kuɗin rajista" da ake karɓa, masu shirya gasa su ji tsoron Allah su bayyana inda yake zuwa. Na gyaran fili da tsaro daban, wanda ake tarawa a ba zakara daban.

A Ingila suna da tseren tsallake shinge, mafi shahararsa shi ne Grand National da ake yi a Aintree kusa da Libaful tun 1839. Shinge 30 doki zai tsallaka a tafiyar da ta kusa kilomita 7, kyautar kuma fam miliyan 1 ce gaba ɗaya. Amma wani kaso na kuɗin kyaututtukan tsere a ƙasar daga harajin kamfanonin caca yake fitowa, har hukuma suka kafa don karɓarsa a 1961. A Dubai kuwa, gasar da aka fara a 1996 ana yin ta ne ba tare da rumfar caca a filin ba. Doki dai doki ne, tushen kuɗin ne ya bambanta.

Sai dai akwai abin da Turawan suka yi da ya kamata ya ba mu kunya. Kafin a saki dawaki, kowa ya san rabonsa a rubuce: mahayi yana da ladan hawa ko an ci ko ba a ci ba, in an ci yana da kusan kashi ɗaya cikin goma, mai horarwa yana da nasa, yaran barga ma akwai abin da ake ware musu. Duk da haka mafi yawan masu dawaki a can ba sa mayar da abin da suka kashe, shi ya sa mutane da yawa suke haɗa kuɗi su mallaki doki ɗaya.

Mu nan fa? "Ka hau, in Allah Ya ba mu sa'a zan gan ka." Wannan ba ciniki ba ne. A fiƙihunmu ladan ijara dole ya zama sananne tun farko. Yaro ya sa wuyansa da ƙashin bayansa a kan dabba mai gudu, sannan ladansa ya rataya a kan yanayin fuskar maigida? In an ci a damƙa masa abin da aka ga dama a gaban mutane, a kira shi kyauta, alhali haƙƙi ne. In an faɗi ya koma gida da kuɗin mota. In ya karye, mahaifiyarsa ce za ta nemi mai ɗori. A hadisin ƙudusi da Bukhari ya fitar, Allah Ya ce Shi da kansa zai yi husuma ranar Ƙiyama da wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi lada.

Kuma bashin bai tsaya a kan mahayi ba. Mutanenmu na Tofa sun san wannan fiye da kowa. Manomi ya roro wake, ya cire gyaɗa, ya ɗaure harawa ya ɗora a kan rufin ɗaki ko reshen bishiya, yana jiran bazara ta yi tsada ya sayi taki. A zo da a-kori-kura a loda zuwa bargar wani a birni, a ce masa sai bayan gasa. Dusa ma haka, gero ma haka. Dokin da aka yi wa tafi, ƙarfin ƙafarsa daga gonar wannan bawan Allah ya fito. Ruwan farko ya sauka, kofi yana falo, shi kuma yana zarya a ƙofar gida ana ce masa Alhaji ya fita. Mai hali da ke jan ƙafa wajen biyan bashi, Annabi (SAW) zalunci ya kira abin da yake yi.

Ba ina cewa mai doki ba shi da komai ba. Shi ya saya, shi zai yi asara in dokin ya mutu, don haka abin da ya rage nasa ne halak malak. Amma abin da ya rage, bayan an sallami kowa. In kuma ku biyu ko uku kuka haɗa kuɗi kuka saya, riba da asara gwargwadon hannun jarin kowa ne, ba wai mai babban suna ya ɗauki kofi, ƙarami ya ɗauki kuɗin magani ba.

Shi kansa dokin yana da nasa haƙƙin. A yi masa allurar ɓoye ciwo don ya yi gudu da ƙafa mai rauni, ko a fasa masa ciki da ƙaimi saboda babur, ko ya tsufa a bar shi a turke haƙarƙari a waje, duk za a tambaya. Hadisi ya kasa masu dawaki uku: wanda dokinsa lada ne gare shi, wanda sutura ne, da wanda zunubi ne saboda ya ɗaure shi don alfahari da riya.

Mai shirin kai doki gasa ta gaba, ya zauna da mahayinsa da shaidu biyu tun yanzu, a faɗi ladan hawa, a faɗi kason nasara, a faɗi wanda zai biya asibiti, sannan ya aika wa mai harawa kuɗinsa kafin a ɗaura sirdi.

Wallahu a'alam.